Mai Ƙwai Ya Koyi Faɗuwa

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana dakon ƙwai daga sito zuwa shaguna, kiret takwas a jere bisa hannuwa biyu, haɓarsa na dafe da na sama. Bai taɓa faɗuwa ba. In ya ratso layi da sassafe, rana na haska gefen kiret ɗin, sai ka rantse ba ya taka ƙasa. Matarsa takan ce ko a barci hannuwansa a miƙe suke, suna jiran a ɗora musu kaya.

Ran nan wasu ɓarayi biyu suka bangaje shi a bakin kwalbati, suka fizge wayarsa. Ya tafi ta baya, hannuwa a sama, wai shi zai ceci ƙwai. Ƙwan bai tsira ba, ƙugunsa ma bai tsira ba. Wata uku yana kwance. Ƙashi ya ɗoru, amma ƙafa ta ƙi titi: da ya kai bakin ƙofa sai ya ji ƙasa na lilo da shi. Tsoro ne, kuma ya san tsoro ne, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Mai sito ya aiko cewa zai riƙe masa gurbinsa zuwa ƙarshen wata, daga nan sai haƙuri.

Babbar 'yarsa ce ta ja shi, yana dogara kafaɗarta, zuwa wani ɗaki a saman shagon fenti, inda wani tsoho siriri da ake ce wa Malam yake koya wa manya kokawar kare kai irin ta da.

"Baba, ban ce ka je ka kayar da kowa ba. Ka dai shiga ka gani."

Ɗakin na warin fenti da gumi. Katifu shimfiɗe, fanka ɗaya na juyawa kamar ba ta so. Ɗaliban duk magidanta ne, har da mai aski da wani direban bas mai tumbi. Ƙa'idar Malam ɗaya ce, kuma a wurin kawunsa ya gaje ta: ba a koya maka kayar da mutum sai ka iya faɗuwa. Ka kai haɓa ƙirji, ka saki jiki, ka doki katifa da tafin hannu.

Haɓar dai ba ta ba shi wahala ba, ta saba. Hannuwan ne suka ƙi. Duk sadda Malam ya ture shi, sai su miƙe sama a jere, shi kuwa ya sandare ya dira a kan ƙugu kamar buhu.

"Baba, ajiye kiret ɗin mana!" in ji mai aski. "Ba mai saye a nan."

Aka yi dariya, shi ma ya taya, amma ya koma gida zuciyarsa a dagule. Mako biyu ana haka, wata na ƙarewa.

Wata la'asar, Malam bai ture shi ba. Ya tsaya gabansa ya daɗe yana duban hannuwan nan.

"Me kake riƙe da shi, ɗan'uwa?"

"Ba komai, Malam."

"Akwai. Kawo nan."

Tsohon ya miƙa nasa hannuwan, ya ɗan rusuna yadda mai shago ke yi in zai karɓi kaya. Mai ƙwai ya duba, bai ga alamar wasa a fuskarsa ba. A hankali ya ɗaga haɓa, ya zame abin da babu daga hannuwansa zuwa na Malam. Malam ya juya yana takawa sannu-sannu, direban bas ya ja tumbinsa ya ba shi hanya. Malam ya kai lungu, ya durƙusa ya ajiye, ya dawo.

"Sun isa lafiya. Ko ɗaya bai fashe ba."

Sai ya ture shi.

Mai ƙwai ya ji kansa yana tafiya ta baya, tafiya mai tsawo mai laushi, silin na matsawa nesa. Tafinsa ya doki katifa, tas! Ya kwanta yana kallon fanka, hawaye na gangarowa cikin kunnuwansa, ba ciwo ko'ina. Daɗi ya ji, irin wanda ya manta akwai shi.

"Ashe ƙasar nan kusa take," ya ce.

Ranar Litinin ya fita shi kaɗai. Ƙasa ta ɗan yi lilo a bakin kwalbati, ya tsaya ta gama, ya wuce. Mai sito ya tashi da murna yana jera masa kiret a hannu.

"Na dawo, maigida," in ji shi, haɓarsa na neman wurinta. "Amma ka sani tun yanzu, in aka sake ture ni, ƙwanka zan saki."