Kwamfutar da Na Zaɓa wa Auta

Ni mutum ne mai taurin kai, kuma in aka zo kan kwamfuta abin nawa ya fi muni. Shekara da shekaru ni ake kira a ofishinmu in na'ura ta ƙi tashi, har abin ya hau mini kai, na ɗauka babu wanda ya isa ya gaya mini komai a wannan fannin. Da wannan halin na tashi saya wa ƙanwata kwamfutar buga gem, wato wasan na'ura, Allah ya jiƙanta.

Ita ce autarmu, kuma da sikila aka haife ta. A lokacin ta haura shekara ashirin, ƙawayenta duk sun watse, wasu aure wasu makaranta, ita kuwa tana nan a ɗakin Inna a gidanmu na Ƙofar Wambai a Bauchi. Ciwon ya riga ya fara cin ƙashin ƙugunta na hagu, ko banɗaki za ta je sai da dafa bango. Abin da ya rage mata na jin daɗi shi ne gem a waya. Akwai wanda take so, irin wanda mutum ke yawo cikin daji, ya haye kogi, ya hau dutse. Wata rana na tsokane ta na ce, "Auta, ke ba kya gajiya da wannan shirmen?" Ta ce, "Yaya, a ciki fa gudu nake yi." Wayar kuma tsohuwa ce, zafi take ɗauka ta maƙale ana tsakiyar wasa. A ranar na ƙudurta sai na samo mata abin da zai ɗauki wasan ba gargada.

Wata biyu na yi ina bincike, kamar mai shirin jarrabawa. Lokacin sababbin abubuwa ne ke ta fitowa. Akwai manyan kwamfutoci na kan tebur, masu sabon katin zana hoto wanda ke nuna hasken rana a kan ruwa kamar gaske, ana sanyaya su da ruwa a cikin bututu maimakon fanka kawai. Akwai kuma wata ƙaramar aba da ta fito, ba ta wuce faɗin faranti ba, ana riƙe ta a hannu, maɓallai dama da hagu, batir a ciki. Auta ta ga hotonta a waya, ta nuna mini.

"Yaya, wannan fa?"

Na ce, "Haba Auta! Wannan ai kayan wasan yara ne. Batir ba ya jimawa, hoto ba kyau, ga zafin Bauchi. Sabon abu ne, ba a san ƙarshensa ba. Ke dai ki zuba ido."

Ta ce, "To."

Mai shagon da na je wurinsa a wajen Wunti dattijo ne ɗan kudu, ya daɗe a Bauchi, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Na zayyana masa abin da nake so a haɗa mini, ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Oga, wane ne zai yi amfani da shi?" Na ce ƙanwata ce, ba ta da lafiya, ƙashi ke damun ta.

Ya ce, "Yana iya zauna a kujera?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce masa ni kwamfuta na zo saya, ba asibiti na zo ba. Bai ji haushi ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko ƙaramar nan ta hannu, ya ajiye a gabana ya ce, "Kai masa wannan gida ya gwada. In bai yi ba, dawo da shi." Na ɗauka kayan da ya rasa mai saye yake son liƙa mini. Na tsaya ina yi masa lacca a kan katin hoto da bututun ruwa, a cikin shagonsa, mutumin da ya yi furfura a sana'ar. Ya mayar da ita durowa ya ce, "To, kai ne oga."

Bayan sati biyu na ɗauko babbar a keke mai ƙafa uku, ina rungume da kwalin kamar jariri. Baƙar akwati ce mai gilashi a gefe, fitilu masu launi suna zagaye a ciki. Na sayi tebur da kujera, na sa aka ƙara batir a solar gidan don kada ɗauke wuta ya katse mata wasa. Da aka kunna, Auta ta zauna, dajin nan nata ya bayyana a babban allo, ciyawa tana kaɗawa. Ta ce, "Kai! Yaya, har inuwar ganye!" Kaina ya kumbura. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce Allah ya yi albarka.

Ni a wajen Shadawanka nake zaune da iyalina. Sai na riƙa zuwa gida a babur bayan la'asar, sau biyu ko uku a sati. Duk zuwan da zan yi, a kan kujerar nake samun ta, wasa a kunne. Sai in jawo wata kujera in zauna a bayanta, in ce ta je wajen kogin mu ga ruwan, in gyara wannan in ƙara wancan. Gumi yakan tsattsafo mata a goshi, na ce zafi ne, na sayo fanka. In ta yi shiru ta cije leɓe, in ce wasan ne ya ɗauke mata hankali. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ce mata, "Kin gani? Da waccan ƙaramar ce da ina za ki ga wannan?" Ita kuma ta ce, "Gaskiya ne, Yaya." Har yau in na tuna da muryata ina faɗin haka, kunyar kaina nake ji.

Haka muka yi kusan wata huɗu. Ran nan babur ɗin ya mutu mini a Ƙofar Ran, na bar shi wajen makanike na ƙarasa da ƙafa. Na yi sallama a zaure ba wanda ya ji, na wuce ɗakin Inna. Kwamfutar a kashe take, an lulluɓe ta da zane. Auta tana kwance a katifa ta gefen dama, filo a tsakanin gwiwoyinta, tsohuwar wayar nan a hannunta. Da ta gan ni ta firgita, ta tura wayar ƙarƙashin filo, ta fara kiciniyar tashi.

Inna ta shigo ta ce mata, "Kwanta abinki." Ta dube ni ta ce, "Kai kuma zo nan."

A tsakar gida ta tsayar da ni, ta yi ƙasa da murya. "Wai kai ba ka da ido ne? Daga bakin lungu take jin ƙarar babur ɗinka, ta ce Inna yi sauri. Ni ke ɗaga ta in ɗora a kujerar nan, ni ke kunna mata abin. In ka tafi ni ke sauke ta. Washegari ko juyi ba ta iyawa. Likita ya hana ta dogon zama tun kafin ka kawo wannan akwatin. Ta roƙe ni kada in gaya maka, ni kuma na gaji."

Na so in ce me ya sa ba wanda ya faɗa mini, amma ko ni na san wannan ba magana ba ce. Na koma ɗakin. Ta juya fuska wajen bango, tana jin kunya kamar ita ce ta yi laifi.

Na ce, "Auta, ki yafe mini. Gobe da safe zan je in karɓo miki ƙaramar. Kina kwance za ki yi wasanki, ba wanda zai sake ɗora ki a kujera."

Na matso kusa da katifar. Na ce, "Amma don Allah me ya sa kika yi ta azabtar da kanki haka? Don kada in ji haushi?"

Ta ce, "A'a." Sannan ta ƙara da cewa, "Da can in ka zo, a bakin ƙofa kake tsayawa ka ce ya jiki, ka wuce. Tun da ka kawo ta kake yin awa guda a ɗakin nan."

Na zauna a bakin katifar. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Yaya, in ka kawo ƙaramar, za ka ci gaba da zama?"