Ƙofar da Ummussalma Ta Rufe

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Muharram, ina ɗinkin komar kamun kifi a bakin kogi aka zo aka ce mini Ummussalma Inuwa ta rasu a Haɗeja, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na ci gaba da ɗinkina. Har yau ban yi kuka ba. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Ummussalma, jikar aminina, ke kika zo Kirikasamma da kwamfuta kika ce za ki ɗauki muryata, don abin da na riƙe kada ya bi ni kabari: iyakokin fadamu, inda burtalai suka bi kafin ciyawar kacala ta toshe ruwa, da wa ya haifi wa. Za ki zuba a intanet, duk mai waya ya saurara. Na ce labarina kashi biyu ne. Akwai na zaure, akwai na amana, wato sulhun jini da aka yi tsakanin manoma da makiyaya, wanda in ya fita yau gidajen da suka haɗa aure za su watse.

Kika ce, "Kaka, ɗaki biyu zan yi. Na waje kowa ya shiga, na ciki a kulle."

Na ce, "Amarya, ɗauki na zaure ki bar ni."

Damina guda ina ƙi. Ba ki yi fushi ba, kullum kika zo da goro da man zafin gwiwa. Wata rana sai kika iso ba walwala, kika ce gara da na ƙi. Kin gwada manhajar da kika rubuta kamar yadda ɓarawo zai gwada, kin tarar da kafa. Mai sauraro yakan rubuta sunan fayil ɗin da yake so, ta ɗauko masa. In ya sa ɗigo biyu da ɗan layi a karkace a gaban sunan, ya ce mata ke nan ta ja baya ɗaki ɗaya, ita kuwa sai ta bi, har ta kai shi na ciki. Da kin yi shiru babu mai sani. Kika sa ta riƙa share ɗigogin, sai kika ga ana iya sauya musu kama su wuce. Daga ƙarshe kika sa ta fara bin hanyar har inda ta ɓulla. In ba cikin ɗakin waje ba ne ta ƙi, ko wane ne.

"Kamar rafi a cikin kacala ne, Kaka," kika ce. "Bakinsa ba ya gaya maka inda zai kai ka."

Ranar na ba ki na amana.

Ran sadakar uku mahaifiyarki Saude ta ce muryarki take so ta ji. A labaran waje kin yanke taki, tawa kaɗai ta rage. A na ciki ne kike gaishe ni, kina dariya, kina ce mini tsoho mai kan dutse. Yayanki Sunusi ya san zancen ɗigogin, ya gwada a wayarsa. Manhajar ta ƙi. Ya zo ya tsaya a kaina, idanunsa jajir.

"Baba Ya'u, har uwar da ta haife ta?"

Na ce har ita.

Makullin yana hannun Khalid, abokin aikinki, shi kuma ba ya buɗewa sai da yardata, haka kika tsara. Na ce wa Khalid ran sadakar bakwai mu zauna, mu shiga ta ƙofa. Ni zan saurara, in nuna masa gaisuwarki da dariyarki ya ciro wa Saude. Sauran ya zauna inda kika ajiye shi. Ke nan dole in ji ki. Wataƙila a ranar ne kukan zai zo.

Ina yi wa Saude da Sunusi da maigidanki Malam Haris ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Ke kuwa Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki. Kin rufa wa mutanen da ba ki taɓa gani ba asiri, Allah Ya rufa naki ranar da babu abin ɓoyewa, Ya buɗe miki ƙofar Aljanna. Amin.

Ya'u mai koma, Kirikasamma