Mujallun da Aka Yage wa Bango

Ban taɓa karanta mujallar jarumai mai bango ba. A wani sito na yi aiki a unguwar Khumra ta Jidda, inda ake tara takardun da za a niƙa. Al'adar masu rarraba mujallu ita ce, duk wadda ta yi kwantai a kanti sai a yage bangonta a mayar wa kamfani a matsayin shaida, sauran kuma a turo mana cikin kwali. A nan na fara haɗuwa da mutanen nan masu matsattsun kaya, masu tashi sama babu fiffike, masu ɗaga jirgin ruwa da hannu ɗaya. Da Larabci aka buga su. Tunda babu bango babu lamba, sai in karanta mutuwar jarumi yau, mako mai zuwa in tarar ana ɗaura masa aure.

Gemai-gemai da ni, na kamu. Ina da ra'ayi a kansu kuwa, har abokan aiki suka gaji da ji. Masu tashi sama ba su burge ni ba, don wanda harsashi ba ya huda shi ban ga jarumtarsa ba idan ya tsaya gaban bindiga. Na fi son miyagun, su aƙalla suna da dalili, wani ma in ka ji abin da aka yi masa sai ka ce ya yi haƙuri. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda za su ragargaza rabin gari a faɗa ɗaya, a shafi na gaba ka ga titi fes. Ni da na san nauyin tsintsiya, kullum sai na tambayi wa ya share.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ni. A Jidda aka haife shi, a wani ɗan gida da muke haya a Bani Malik. Uwarsa Bahausa ce amma ta Sudan, Larabci ya fi mata sauƙi a baki, da shi ta rene shi. Ni kuma in fita da asuba in dawo magariba. Yaro ya tashi yana jin Hausa, amma in ka yi masa magana sai ya amsa da Larabci. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Ranar da ya ga mujalla a aljihun rigata ya miƙo hannu, sai dabara ta zo mini. Na ce ba zai taɓa ba sai mun karanta tare, ni in juya maganar zuwa Hausa, shi ya maimaita.

Haka muka yi shekaru, bayan sallar Juma'a, a ƙarƙashin fanka. Ni ne mugu, shi ne jarumi. Ya miƙe a kan katifa ya nuna ni da yatsa: "Saki mutanen nan, azzalumi! Yau kwananka ya ƙare!" Uwarsa ta leƙo daga kicin tana dariya, ta ce, "Alhaji, wallahi haram alek, wannan Hausar wa zai yi wa ita?" In ce mata Hausa Hausa ce, sauran za ta zo da kanta. Na yarda da abin da na faɗa, har ina alfahari a majalisa cewa ɗana ya fi 'ya'yan maƙwabta baki.

Sauran ba ta zo ba. Ya girma, ya bar mujallu, ya koma waya da abokansa, Larabcinsa irin na 'yan gari wanda ko ni wani lokaci sai na ce ya maimaita. Sai kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya rufe siton. Kafin in sami wani ya karɓe ni, iƙamarmu, takardar izinin zama, ta mutu, kuma da na gyara tawa shekarun yaron sun wuce a ajiye shi a ƙarƙashina. Ya ci gaba da gyaran waya a shagon wani abokinsa a Aziziyya, yana kaffa-kaffa. Wata rana da la'asar aka zo duba takardu. Aka ɗauki hoton yatsunsa, aka ajiye shi na ɗan lokaci, aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ke rubuce a fasfonsa. Bai taɓa taka ta ba.

Na kira wani ɗan baffana a Kano na roƙe shi ya tarbe shi. Ya tarbe shi, ban ce bai yi ba. Amma bayan 'yan watanni ya kira ni ransa a ɓace. Ya ce yaron ba shi da ladabi. Ba ya durƙusawa, bai iya gaisuwa ba, in an tambaye shi gajiya sai ya yi tsuru-tsuru, in ya buɗe baki kuma kamar mai ba da umarni. Wai ya ce wa matar gidan, "Ba ni abinci yanzu." Na san daga inda wannan maganar ta fito. Babu raini a cikinta ko kaɗan, iyakar abin da ke bakinsa ke nan.

Daga ranar na tsani mujallun nan, kuma har yau ban huce ba. Na zauna na tuna duk waɗanda muka karanta, ban tuna shafi ɗaya da jarumi ya shiga gidan wani ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya sunkuyar da kai ya nemi alfarma ba. Ba sa neman wurin kwana. Ba sa cewa a yi musu haƙuri. Mutane ne da ba su taɓa buƙatar kowa ba, ni kuma na ɗauki bakinsu na sa wa yaron da zai buƙaci kowa.

Kwanan baya yaron ya kira ni ina bakin aiki a sabon wurin da nake gadi. Ɗan baffan nawa ya ce masa ya nemi wani wuri kafin azumi. Da Larabci ya yi mini bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada a ji shi. Sai ya juya Hausa, a hankali, yana lalubo kalmomi.

"Baba, yaya ake roƙo? Yani, in ce masa ya bar ni in zauna. Amma da kyau. Kada ya ji haushi."

Na ce, "To, saurara, ka ce masa..."

Na tsaya. Tun ina saurayi na zo umara na zauna, kuma duk roƙon da na yi a rayuwata ta girma, gaban kafili, gaban mai gida, gaban mai duba takardu, da Larabci na yi shi. Na buɗe baki, Larabcin ne ya cika mini harshe. Hausar tana can wani wuri, na san tana nan, amma ta ƙi zuwa.

"Baba? Kana ji na? Yalla, yana zuwa."

Ta cikin wayar na ji an turo ƙofa, na ji muryar ɗan baffana yana tambayarsa da wa yake magana.