Anti Almakashi Ta Daina Tsoron Yanka

Anti Almakashi ake ce mata a ofishin masu haɗa manhaja, domin rabin rayuwarta a kan keken ɗinki ta yi shi. Da ciwon baya ya raba ta da keke, sai ta shiga ajin kwamfuta, ta zauna cikin sa'annin 'ya'yanta, ko a jikinta.

Kanta na ja, amma halin tela ya biyo ta. Tela ya san in almakashi ya ci yadi, shi ke nan. Saboda haka in manhajarta tana aiki, ko waƙafi ba ta yarda ta taɓa.

Ranar da aka koya musu Git, ma'ajiyar da ke riƙe kowane matakin aiki, malamarsu ta tsaya a kanta.

"Anti, kin adana? To, goge duka."

"Ke yarinya, lafiyarki ƙalau?"

"Goge mana, Anti."

Ta goge. Malamar ta nuna mata umarni guda, Anti ta buga, sai ga aikin ya dawo cif, ko zare bai tsinke ba. Nan ta tuna shekarun da ta yi tana riƙe numfashi kafin kowane yanka.

Yau duk tsohuwar manhajar da kowa ke tsoron taɓawa, ita ake miƙa wa, ta farke ta sake ɗinkewa. In ta ga sabon ma'aikaci yana ɗari-ɗari, sai ta daki teburinsa.

"Adana ka yanka, ɗana! Wannan ba leshin mutane ba ne."