Dankalin Iya ba na masu gyaɗa kai ba ne

A gidanmu na Roni, Iya, kakarmu, ba ta ba da tatsuniya kyauta. Bayan isha'i sai ta binne dankali a tokar murhu, ta ce wanda ya gano ramin da ta bari a labari shi zai ci. Yayana Sale bai taɓa ci ba. Shi dai gyaɗa kai ya iya, kamar ƙadangare a kan katanga.

Ba na manta tatsuniyar baƙon maƙeri. Ya sauka a wani gari, shekarar kuwa aka yi fari. Dattawa suka taru suka ce kafin zuwansa ana ruwa, da ya zo ruwa ya ɗauke, saboda haka shi ne. Suka kore shi.

"Ai kuwa shi ne," in ji Sale.

Iya ta ja tsaki mai tsawo. "Kai kanka na ɗaukar hula ne kawai? Garin da ke gaba da su, wanda maƙeri bai taka ba, an yi musu ruwa?"

Ba a yi ba. Babu dattijo ɗaya da ya aika yaro ya tambayo. Da damina ta dawo, garin ba mai ƙera musu fartanya. A nan ta datse labarin, ta cinye dankalinta.

Iya ta daɗe da rasuwa. Sale yanzu babba ne a unguwarmu a Kazaure, har shawara ake kawo masa. Bara yara suka kamu da gudawa, ya tara maza a ƙofar gida ya ce duk yaron da ya kwanta ya sha kunun Ladidi, bazawarar da ke ciyar da 'ya'yanta da sayar da shi. Manyan mutane da furfurarsu suka hau gyaɗa kai.

Na ce, "Yaya, waɗanda ba su sha ba fa, lafiyarsu ƙalau? Ba rijiya ɗaya muke ɗiba ba?"

Ya ce, "Kai ka cika gardama."

Ban taɓa raina taro kamar na ranar ba. Aka hana sayen kununta, ta kwashe yaranta ta koma Babura wajen danginta. Bayan tafiyarta gudawar ta shiga gidan Sale, inda ba a taɓa sayen kunun Ladidi ba. Ya aika aka yashe rijiyar a asirce. Babura kuwa bai aika kowa ba.