Shuɗin Fenti a Wuyan Tukunya

Ina hutun makaranta ciwon ƙirji ya kwantar da Inna. Muka kai ta ƙaramin asibitin garinmu, kusa da Zugu. Malamar asibitin ta ce sai an sa mata iskar oksijin, tasu kuma ta ƙare. Hanyar Gummi, inda babban asibiti yake, ba ta biyuwa a ranar, an ce 'yan bindiga sun tare ta.

Kawu, ƙanen Inna, ya hau babur zuwa shagon mai walda. Bai same shi ba, an ce ya tafi kasuwa. Ya ɗauko ɗaya daga cikin tukwanen gas biyu da ke jingine a bango.

Masu walda a wajenmu kowa na shafe tukwanensa da fenti iri ɗaya, don kada su ɓace idan an kai su ɗuri a Gusau. Na wannan shuɗi ne. Ɗaya oksijin ce, ɗayar wata iska ce ta aikin ƙarfe, kuma duk shuɗaye ne har wuya.

Malamar ta zagaya tukunyar, ta ce, "Baba, mene ne a ciki?"

"Iska mana! Ke sa mata, Malama, wanga ba lokacin tambaya ba ne."

"In ba oksijin ba ce, ni zan kashe ta da hannuna. Launi ba ya faɗa. Sai na ga rubutu."

Na karɓi cokalin da muke ba Inna kunu, na durƙusa ina kankare fentin a kafaɗar tukunyar. A hankali nake yi, kada in goge abin da ke ƙasa. Shuɗi ya fita, kore ya bayyana, fentin wani mai ita na da. Ƙarƙashinsa sai tsatsa, da gurbin takardar da ta daɗe da ɓallewa. Akwai lambobi da aka buga a jikin ƙarfen, na karanta su sau da yawa. Babu sunan iska.

Na ce, "Babu, Malama."

Ba ta sa ba. Kawu ya fita waje. Ni na zauna ina yi wa Inna fifita da murfin kwali. Bayan la'asar Inna ta cika. Na lura akwai shuɗi a farcena, na tashi na wanke.

Har yanzu idan na dawo hutu nakan wuce ta gaban shagon. Tukwanen na nan, an sake shafe inda na kankare. Mukan gaisa da mai waldar. Ban taɓa tambayarsa wacce Kawu ya ɗauko ba.