Zanen da Aka Wanke wa Kulu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Kulu, matar wana, mai bandar kifi a Wara. Allah Ya ji ƙanta. Ni ba mai yawo ba ce, daga ɗaki sai bakin murhu, amma kunnena ba ya hutu, kuma abin da yake jiyo mini kwanan nan ya sa na kasa haɗa ido da 'yarta, Nana.

Kulu abokiyar wasata ce. In ta shigo tana ƙaurin hayaƙi sai in ce, "Matarmu, ke da tarwaɗa wa ya fi daɗewa kan wuta?" Ta ce, "Tarwaɗa dai ana saye, ke wa zai taya?"

Wata ranar kasuwa ta sauka daga jirgin ruwan Yawuri, ta bi ta cikin gonaki, rana tsaka. Wani ɗan garinmu ya tare ta. Ta san shi, ta san uwarsa. Ya ƙwace kayanta, ya yi mata fyaɗe. Da gangan na rubuta kalmar, don a garinmu ba a furta ta. "Ɓarawo ya tare ta," a nan ake tsayawa.

Lokacin ina aure a Shanga. Kafin labari ya iso ni, tsofaffin gidanmu sun yi abin da suka gada: sun dafa ruwa sun gasa mata jiki, sun kai zanenta bakin ruwa sun wanke tas, don rufin asiri. Ba a kai ta asibiti ba sai da zazzaɓi ya rufe ta. Suna yi suna kuka, ba mugunta ba ce.

Dattawa suka zo wa Kulu ban haƙuri don a bar maganar, ta gaishe su da ladabi, ta ce a'a. Ta tsaya gaban alƙali ta faɗi komai da bakinta, aka ɗaure mutumin kan laifi biyu. Ya ɗaukaka ƙara. Shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru har ciwo ya ɗauke Kulu. Bayan ranta kotun sama ta tabbatar da fashin, tunda an kama shi da kayan, amma ta soke ɗayan: babu shaidar likita, babu tufa. Ɗauri ya ragu, bara ya fito.

Ban san doka ba, kuma ba na zagin alƙalai, abin da aka kai gabansu suka duba. Mu ne abin kunya. Maza suka yi ta tururuwa zuwa yi masa barka da arziki. A gidan suna na ji wata tana cewa, "Ai kotu ta wanke shi, dama ƙari ta yi." Kotu ba ta ce bai yi ba, jama'a. Cewa ta yi shaida ba ta isa ba. Da Kulu tana nan, na san ba shi za ta tsaya kallo ba. Mu za ta bi da ido ɗaya bayan ɗaya, mu da muka ci kifinta.

Maganar ta kai kunnen Nana, wadda ake goyo lokacin da abin ya faru, yau ga ta budurwa. Ta same ni ina tankaɗe.

"Gwaggo, Innata ƙarya ta yi?"

Na ture rariya na gaya mata duka, har ruwan zafin, har zanen. Da na gama sai ta ce:

"To in gaskiya ta faɗa, don mi ba a faɗi sai cikin ɗaki? Su a tsakar gida suke faɗin tasu."

Kulu ba ta bar gona ba, bandarta ma damina ta rushe ta. Maganarta kaɗai ta bari, ita ce gadon yarinyar nan, kuma shirunmu yana neman cinye shi. Shi ya sa na fito tsakar gida mafi faɗi da na sani. Nana, ga shi a jarida, kowa ya karanta: uwarki ba ta yi ƙarya ba.